Numfashin Barde Haladu

A cikin shekarun da na yi ina aikin asibiti, ranar da aka kawo Malam Haladu a kan jaki ba ta taɓa fita daga raina ba. Litinin ce, damina ta ja baya, ana yankan gero, shekara biyu bayan an canza kuɗi daga fam zuwa naira. A lokacin ni mataimakin dispensa ne a ɗakin shan magani na wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, daidai sa'ad da manyan injuna suke baje gonaki ana haƙa hanyoyin ruwa don noman rani.

Ku da kuka taso kuka tarar da asibiti mai likita da wutar lantarki, bari in gaya muku yadda wurin yake. Ɗaki biyu ne da baranda. Dispensa shi ne shugaba: shi ke duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya yi allura. Ni mataimaki aikina yanka kati, wanke miki, dafa sirinji da allurai a kan risho, da zuba maganin ruwa a kwalaben da mutane suke zuwa da su. Sama da mu akwai sufeto, wanda yake zagayo mu a kan babur sau ɗaya a wata ya duba littattafai. Likita kuwa sai Kano. Maigidana Malam Shehu Dispensa tun zamanin En'e yake aiki, mutum ne mai tsabta da ƙa'ida, ba ya son abin da bai gani a rubuce ba.

Wata uku kafin ranar, an tura ni kwas na mako shida a ɗakin masu ciwon ƙirji a Kano. A makon ƙarshe aka kai mu sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓin waɗanda suka karye ko suka shanye. Wata ma'aikaciya 'yar Indiya, muna ce mata Sista, ta koya mana yadda ake koya wa mai ciwon huhu numfashi. Yawancinmu dariya muka yi ta yi, don wa ake koya wa numfashi? Ni dai na rubuta abin da ta faɗa a littafina, ba don na yarda ba, sai don ina tsoron jarrabawa.

Malam Haladu ba baƙo ba ne a wurinmu. Barde ake ce masa, domin a zamaninsa idan aka yi gayya garmarsa ce a gaba, samari suna binsa suna haki. Tarin fuka ya kama shi shekara uku kafin nan. A hannunmu ya yi allurarsa, ya sha ƙwayoyi shekara ɗaya da rabi bai tsallake ba, aka aika da kakinsa Kano sau uku aka ce babu ƙwayar cuta. Amma mutumin da ƙaninsa Ilu ya sauko da shi daga jaki ran nan ba za ka ce ya warke ba. Kafaɗunsa sun ɗago har kusa da kunne, jijiyoyin wuyansa sun fito, tsakanin jaki da benci sai da ya tsaya sau biyu. Matarsa Inna Yalwa tana biye da su da buta a hannu.

Malam Shehu ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, ya daɗe yana saurare, ya ce, "Baba, cutar nan ta mutu."

Malam Haladu ya ce, "To me... yake kashe ni?" Kalma biyu yake iya haɗawa, sai ya tsaya ya nemi iska.

"Tabo ne ta bari a huhu. Tabo kuwa ba shi da allura."

Malam Haladu ya roƙi allura har sau uku. Malam Shehu ya rubuta masa maganin tari, na zuba masa a kwalba, suka fita. Ban gama rufe rajista ba na ji salatin Inna Yalwa. Ashe ƙoƙarin hawa jakin ne ya sarƙe masa numfashi. Na tarar da shi a bakin baranda, idanu sun firfito, baki buɗe, yana fizgar iska da sauri kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ilu yana ta ƙoƙarin kwantar da shi rigingine, wata mata tana yi masa fifita, kowa yana magana.

Ban san lokacin da na ce a dakata ba. Na zaunar da shi a kan benci, na sa ya sunkuyo gaba ya dafa gwiwoyinsa da gwiwar hannu. Na tsuguna a gabansa, na ce, "Baba, dube ni. Kada ka nemi iska. Fitar da wadda ke ciki tukuna. Tsuke bakinka ka hura kamar kana hura kunu mai zafi." Na yi a gabansa ya gani. Da farko bai ma ji ni ba. Na ci gaba da hurawa, shi ma ya soma bi. Na ce ya shaƙa ta hanci kaɗan, ya sake hurawa a hankali, ya ja ta ta yi tsawo. Abin da Sista ta ce shi ne, huhun da ya lalace yakan riƙe tsohuwar iska, sabuwa ta rasa wurin shiga, kuma tsoro yana ƙara saurin numfashi. Ban taɓa gwadawa a kan mutum ba sai ran nan.

Can sai kafaɗunsa suka sauko. Ya dube ni ya ce, "Yaro, me ka ba ni?"

Na ce, "Ban ba ka komai ba, Baba. Kai ka yi abinka."

Da aka tashi aiki na nemi izinin Malam Shehu in riƙa zuwa gidan Malam Haladu. Ya karanta littafin kwas ɗina shafi-shafi, ya miƙo mini, ya ce, "Bayan an tashi, kekenka ne da ƙafarka. Amma kada in ji an ce ɗakin shan magani ya bar magani ya koma koyar da busa."

Washegari bayan la'asar na je. Abin da na tarar ya fi ciwon tayar mini da hankali. Ɗaki ne mai taga ɗaya, an toshe ta da tsumma don kada iska ta taɓa shi, ga kaskon wuta yana hayaƙi a gefen gado. Kusan shekara guda yana kwance a nan, ko masallacin ƙofar gida ba ya zuwa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa ya huta. Ƙafafunsa sun zama kamar kara. Ba mugunta aka yi masa ba, ƙauna ce, amma ƙaunar tana cinye shi.

A zaure Ilu ya gaya mini abin da ke damun gidan. An karɓi gonakin ƙauyen an baje su, an ja musu hanyoyin ruwa, an mayar wa kowa da rabonsa. Malamin gona ya sanar cewa duk filin da ba a shuka alkama ba a wannan rani, za a ba wani aro ya noma, don ba a sakin ruwa ya wuce fili a banza. Ɗan Malam Haladu namiji ɗaya ne, soja ne a kudu. Ilu ya ce shi zai iya haɗawa da tasa, amma yayansa ya ƙi. Ya ce gonar da ubansu ya bar masa ba za a noma ta yana kwance kamar gawa ba.

Na soma da ɗakin. Aka cire tsumman taga, aka fitar da kasko, aka ƙara masa bargo. Na koya masa numfashin ciki: ya ɗora hannu a kan cibiya, idan ya shaƙa hannun ya ɗago, ƙirji da kafaɗa su zauna lafiya. Na kawo masa kwalbar ƙarin ruwa wadda aka gama da ita na dafa, da guntun tiyonta, na zuba ruwa rabi, ya riƙa hurawa ruwan yana ɓulɓula. Na ce sau goma, safe da yamma. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da zai zauna yana ƙirge, ya ɗauko carbinsa ya riƙa ja.

Rigima ta tashi ne a kan bugun baya. Masu irin wannan tabo majina tana taruwa musu a ƙasan huhu, ita ke jawo zazzaɓi a kai a kai. Hanyar fitar da ita, a kwantar da mutum a gefe, a ɗaga ƙugunsa sama da ƙirjinsa, wani ya lanƙwasa tafin hannu kamar zai ɗebi ruwa ya riƙa bubbuga haƙarƙarin, sa'an nan mara lafiya ya tashi ya yi tari. Kullum da safe ake yi kafin a ci abinci, ni kuwa da safe ina wurin aiki. Na ce sai dai Inna ta koya.

Ya ce, "A gidana? Mace ta kwantar da ni ta yi ta duka?"

Inna Yalwa ta ce, "Malam, shekara talatin da wani abu hannun nan yana yi maka daka. Yaushe ya taɓa cutar da kai?"

Na ce bari in fara yi ya ji. Muka tura buhun gero ƙarƙashin ƙugunsa, na yi masa ɗan lokaci, ya tashi ya yi tari. Abin da ya fito ya kusa cika ƙaramin gwangwani. Ya zauna yana jan numfashi, yana sauraron ƙirjinsa kamar na wani. Daga nan ya ce ya yarda, amma a riƙa rufe ƙofa. Rufe ƙofar bai hana komai ba, don kafin mako ya zagayo maƙwabta suna cewa an buɗe mabugar tufafi a gidan Barde, sai a kawo rini daga Kura.

Sai tafiya. Ranar farko daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu, taku goma sha biyar, yana hurawa a kowane taku biyu. Mako na biyu ya kai zaure. Mako na huɗu ya yi sallar azahar a masallaci, a zaune, mutane suna ta zuwa suna ba shi hannu. Ni kuwa kaina ya soma girma. Ina da shekara ashirin da huɗu, ga dattijo ya tashi a hannuna ba allura ba ƙwaya.

A nan na yi kuskurena. Wata rana ya tambaye ni ko zai iya ƙara nisa, na ce masa, "Baba, gwargwadon yadda ka ƙara, gwargwadon sauƙin da za ka samu." Sista ta koya mana alamomin da idan mutum ya gani dole ya tsaya, suna nan a littafina, amma ban taɓa gaya masa su ba. Na manta da wanda nake magana da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsere da samari a kunyoyin gona, ka ce masa ƙari shi ne magani.

A mako na shida, da rana tsaka, kowa yana wurin girbin dawa, ya ɗauki sanda ya nufi gonarsa, tafiyar da ta fi mil guda. Dama kwana biyu yana jin ɗan zazzaɓi bai faɗa ba. Wani direban tarakta ne ya gan shi kife a gefen babbar hanyar ruwa, ya ɗauko shi a tirela ya kawo mana. Jikinsa zafi rau, leɓensa ya yi duhu, kakinsa da jirwayen jini.

Malam Shehu ya yi masa allura ya rubuta takardar tura shi Kano. Sa'an nan ya miƙo mini takardar ya ce, "Kai ka tayar da shi, kai za ka raka shi." A bakin hanya muna jiran mota Ilu ya dube ni ya ce, "Yana kwance abinsa, ka zo ka ce ya tashi. Idan ya mutu me za ka ce wa ɗansa?" A bayan akori-kura na riƙe shi a jikina har Kano, ina hura iska a gefen kunnensa yana bi.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti. A cikin kwanakin sufeto ya zo, labari ya riga ya kai masa. Ya ba ni takardar tuhuma, wato in bayyana a rubuce dalilin da ya sa nake yi wa mara lafiya abin da ba ya cikin aikin mataimaki. A zamanin nan irin wannan takarda tana iya tsayar wa mutum ƙarin girma shekaru, ko ta raba shi da aikin. Na rubuta gaskiya, har da maganar da na faɗa wa Malam Haladu. Da na kai wa Malam Shehu ya sa hannu, sai ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: da izinina ya yi. Ban roƙe shi ba, bai kuma taɓa tayar mini da zancen ba.

Ranar Asabar na koma Kano dubiya, na nemi Sista na gaya mata komai. Ta yi mini faɗa sosai. Ta ce koya wa mutum tafiya ba tare da koya masa tsayawa ba rabin aiki ne, kuma rabin da ya fi haɗari. Ta ba ni ma'auni mai sauƙi: idan yana tafe ba ya iya haɗa magana guda cikakkiya, ya tsaya ya huta. Idan akwai zazzaɓi, ko jini, ko kaki ya canza launi, ba tafiya ba bugu, sai asibiti. Sa'an nan ta je ta duba shi da kanta. Takardar sallamar da likita ya rubuto ta ce tarin fuka bai dawo ba, sanyin haƙarƙari ne ya kama shi, kuma a ci gaba da motsa numfashi da tafiya a hankali, bugun baya kuwa a dakata sai jini ya ɗauke da mako biyu. Wannan takarda ita ta rufe maganar tuhumata.

Da ya dawo gida na je neman gafara. Na tsuguna na soma magana, ya ɗaga mini hannu.

"Kai ka ce in je? Ni na je. Kuma gonar nan na gan ta." Ya huta. "Sun tumɓuke tsamiyar, sun baje jigawar, ba don dutsen kan iyaka ba da ban gane ta ba. Amma ƙasar tana nan, ja, kamar yadda na san ta. Da ƙafata na je, Malamin Asibiti. Abin da ya rage ka koya mini dawowa."

Ran nan ya daina ce mini yaro.

Muka sake farawa daga zaure. Na gaya masa alamomin tsayawa a gaban Inna Yalwa da Ilu, na sa kowannensu ya maimaita. Dokar ita ce ba ya fita shi kaɗai, kuma wanda ya raka shi sai ya riƙa jansa da hira, da ya ji magana ta soma yankewa su zauna. Na ɗauka Ilu zai ƙi. Shi ne ma ya bi hanyar gona ya ajiye kututturen itace a wuri huɗu don zama. 'Yan'uwan nan biyu sun shekara ba su yi doguwar magana ba sai gardamar gona, ga shi dole ta sa su hira safe da yamma. A kan kututture na biyu suka shirya: Ilu zai yi huɗa da shuka, yayansa zai riƙe ban ruwa, a raba amfani. Malamin gona ya amince, aka bar filin da sunan mai shi.

Ban ruwan wannan sabon noma ba ƙarfi yake so ba. Tiyo ne na roba lanƙwasasshe, ka nutsa shi a hanyar ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka tsallakar da shi kan gaɓa ka saki, ruwa ya yi ta zuba da kansa. Sauran aikin ido ne da haƙuri, sanin inda ƙasa ta sha da inda ba ta sha ba. Alkama tana kai idon sawu Malam Haladu ya isa gonar, ya kuma dawo da ƙafarsa. Na je na same shi wata Lahadi zaune a kan gaɓa, tiyo shida suna zuba, yana nuna wa Ilu da sanda inda zai buɗe da inda zai toshe. Samarin da ruwa yake ɓalle musu kunya suna zuwa tambayarsa.

Ba zan ce muku ya warke ba. Bai sake ɗaukar garma ba, kuma duk lokacin sanyi sai mun yi fama da shi mako biyu ko uku. Amma ya yi shekara tara bayan nan yana zuwa gonarsa, ya ga dawowar ɗansa daga soja, ya aurar da jika. Kafin a canza mini wurin aiki, duk ranar Alhamis mutum bakwai ko takwas suna taruwa a ƙarƙashin darbejiyar ɗakin shan magani, har da mata biyu masu turara shinkafa waɗanda hayaƙi ya cinye musu ƙirji. Ni ke duba su, amma shi suke saurara, don shi ya san yadda abin yake daga ciki.

Abin da na koya a wannan aiki ba ya cikin littafin kwas. Mu ma'aikatan lafiya an horar da mu mu tambayi mutum ina ke yi masa ciwo, mu ba shi abin da ke cikin kabad. Idan kabad ba shi da maganinsa sai mu ɗauka aikinmu ya ƙare, shi ma ya ɗauka rayuwarsa ta ƙare. Mai ciwon huhu na dindindin kuwa a nan ne aikinsa yake farawa, kuma yawancinsa ba mu za mu yi ba, shi ne da mutanen gidansa, kullum, ba mai gani. Namu shi ne mu koya masa daidai, mu koya masa cikakke, mu kuma san halin wanda muke koya wa.

Tun daga lokacin, duk mai haki da ya zauna a gabana, bayan na gama tambayoyin kati sai in ƙara guda ɗaya: ina kake son zuwa da ba ka iya zuwa yanzu? Wani ya ce rijiya. Wata ta ce gidan 'yarta da ke bayan kasuwar Bunkure. Wani tsoho ya ce shi dai bayi, ba tare da an riƙe shi ba. Daga amsar nake auna taku, daga ita nake sanin inda za a ajiye wurin zama. Na yi wannan tambaya shekara talatin, har na ajiye aiki, ban taɓa samun wanda ya ce mini ba ya son zuwa ko'ina ba.